Yadda Za a Ɗaure Matsuguni Mai Shawagi a Teku Mai Zurfi

A wata tattaunawa da masu nazarin injiniyanci suka yi a Samaru, Zariya, akasarinsu sun amince cewa doguwar sarƙar ƙarfe ba ta dace da ruwan da zurfinsa ya haura mita 1,000 ba, domin nauyinta kaɗai kan rinjayi abin da aka ɗaure. Sun ba da shawarar a yi amfani da igiyar roba ta foliyesta, a bar sarƙa a bakinta biyu kawai, kamar yadda aka ɗaure dandalin haƙar mai na Perdido a mashigin tekun Meziko, inda zurfin ya kai kusan mita 2,400.

Batun anga, wato abin da ke riƙe igiyar a ƙasan teku, ya fi ɗaukar lokaci. An fi karkata ga ƙaton bututun ƙarfe mai buɗaɗɗen gindi, wanda ake kafawa cikin laka, sannan a zuƙe ruwan cikinsa da famfo har ya nutse ya kama gam. Sai dai dole a fara auna ƙasan tekun, tun da dabarar ba ta aiki a kan dutse.

Tsayar da matsugunin wuri ɗaya da ƙarfin injuna maimakon ɗaure shi kuwa, an yi watsi da shi saboda cin mai, kuma a ganina sun yi daidai.