Neman kalma: ya za mu kira fuel cell ɗin da ake haɗawa da gas turbine?

Mai Shirin Kimiyya:
Salam jama'a. Gobe da hantsi za mu naɗi shirin kimiyya na wannan makon, kuma batun shi ne injinan da ake haɗa fuel cell da gas turbine wuri guda su samar da lantarki. Editanmu ya ce ba ya son jin Turanci zalla a bakina, dan Allah a taimaka da kalma kafin dare.

Ɗan Fagge:
Ki ce fiyel sel kawai mana Hajiya, ai haka muka yi da janareta da taransifoma kuma babu wanda ya mutu.

Ummu Khalifa:
Haba, sel a rediyo? Duk wanda ya ji sel ofishin 'yan sanda zai tuna wlh, a ce an kai mai sel. Kuma kada wani ya kawo ƙwayar halitta, wancan na bayoloji ne.

Injiniya Zazzau:
Kafin a raɗa suna a san jaririn tukuna. Shi wannan abu ba ƙona gas yake yi ba, haidirojin ne ke shiga ta gefe ɗaya iskar oksijin ta ɗaya gefen, a tsakaninsu akwai faranti, lantarki ya fito kai tsaye sai ruwa da zafi. Irin wanda ake haɗawa da turbine yawanci farantinsa na tangaran ne, zafinsa kan kai digiri 700 zuwa 1000, toh iskar da ke fita daga cikinsa da zafinta da ragowar gas ɗin da bai cinye ba maimakon a bar su su bi iska sai a ƙona ragowar a tura wa turbine ya juya ya ba da tasa wutar, shi kuma turbine ɗin yana matso iska yana ɗura wa cell, wanda in ya samu matsattsiyar iska ya fi ba da wuta. Kamfanin Siemens Westinghouse sun gwada mai kilowat 220 a jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a shekarar 2000, ya mayar da kusan kashi 53 cikin 100 na ƙarfin gas ɗin lantarki, alhali ƙaramin turbine shi kaɗai da ƙyar yake kai kashi 30.

Malam Nahawu:
Madalla Injiniya, ka ba ni abin da nake nema. Tunda ba ƙonawa ake ba, tatsa ake yi. MATATSA. Matatsar lantarki. Ga ma- a gaba ga -a a baya kamar mahauta da majema, Hausa tsantsa babu aro ko ɗaya.

Mai Shirin Kimiyya:
Allah gafarta Malam kalmar ta yi daɗi, amma na faɗe ta a baki yanzu, mai sauraro matatar zai ji, ya ɗauka matatar mai ta Kaduna nake nufi.

Malam Nahawu:
Sai ki gyara furuci. Tsa daban ta daban. Kullum haka muke, da an kawo kalmar gida sai a fara neman aibinta, in Bature ya kawo tasa a karɓa hannu bibbiyu. Matatsa ta fi fiyel sel sau dubu.

Ba'are Maradi:
Mu nan pil muka sani, wato batir a wajenku, Faransawa ma pile à combustible suke cewa, wato pil mai aiki da makamashi. Ku ce pil ɗin kuran an gama.

Ɗan Fagge:
Kuran kuma? Wace Hausa ce wannan, kura ce ta yi jam'i?

Ba'are Maradi:
Kai ɗan'uwa lantarkin naku daga ina ya zo, kakanninka ne suka bar maka? Ku aronku daga Ingilishi Hausa ce, namu daga Faransanci ba Hausa ba ce ko. Kanawa dai ba ku gajiya.

Malam Nahawu:
Ku biyun duk bara kuke yi, ɗaya a ƙofar Landan ɗaya a ƙofar Faris. Da an bi tawa ai da ba a kai nan ba. Kuma irin wannan aiki na masana ne, ga Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, ba a kan waya ake yanke shi ba.

Ummu Khalifa:
Toh Malam kai ma ai a kan wayar ka yanka taka.

Injiniya Zazzau:
Ni dai maganar mutumin Maradi akwai ƙamshin gaskiya. William Grove da ya fara ƙera abin a Birtaniya wajen 1839 shi kansa batirin gas ya kira shi, sunan fuel cell daga baya ya zo. Japanawa ma da suka yi nisa a harkar, su Mitsubishi da suka kafa mai kilowat 250 a jami'ar Kyushu a 2015, kalmarsu batirin makamashi take nufi. Matsalar batir ɗaya ce, mutanenmu za su zaci ana caja ya mutu a sake caji, shi kuwa wannan ba ya ajiye komai, muddin gas na shiga wuta na fita, irinsa ne ya ba kumbon Apollo lantarki har 'yan sama jannati suna shan ruwan da yake fitarwa.

Ummu Khalifa:
Ai sai a ce batir mai shan gas. Yadda muke cewa mota mai shan dizal. Da an ji shan an san ba caji ba ne.

Mai Shirin Kimiyya:
Yauwa Anti! Wannan ta zauna a baki. Saura turbine da haɗin nasu.

Ɗan Fagge:
Tabain. Ko injin farfela, tunda danginsu ɗaya da injin jirgin sama.

Injiniya Zazzau:
Farfela tura iska take yi, nan kuma iska ce ke tura shi, amma ba zan yi faɗa a kai ba. Mu a wajen aiki tabain muke cewa, kuma irinsa ne a tashoshin Geregu da Afam da ke ba mu wuta, kin ga kina da misali na kusa. Haɗin kuwa kada ki ce tagwaye don ba kai ɗaya suke ba, kaso mafi tsoka na wutar daga batirin yake, tabain ɗin goyo ne.

Ba'are Maradi:
Batir mai shan gas mai goyon tabain? Kafin ki gama faɗi lokacin shirin ya ƙare.

Malam Nahawu:
Matatsa mai goyo. Kalma uku. Ku dai ƙi.

Mai Shirin Kimiyya:
Na gode ƙwarai jama'a. Ga yadda zan yi, batir mai shan gas na ɗauka, tabain zan faɗa sau ɗaya in bi shi da bayani, haɗin kuma in ce haɗakar batir da tabain, goyon zan sa shi cikin bayani ba cikin suna ba. Malam zan ce batirin yana tatso lantarki daga gas, ka ga tatsar ta shiga.

Malam Nahawu:
Aikatau kika ɗauka kika bar suna. Ba komai, ni dai a darasina na Litinin matatsa zan rubuta a allo.

Ba'are Maradi:
In shirin na kaiwa Maradi ki ce pil ko sau ɗaya ne Hajiya.