Neman kalma: woad, madder da mordant

Maman Ilham: Salamu alaikum. Ina fassara darasi kan rinin ulu a Ingila ta da, ranar Alhamis zan miƙa. Kalmomi uku sun tsaya mini. Woad ganye ne da suke samun shuɗi daga gare shi kafin shuɗin baba na Indiya ya kwace kasuwa. Madder saiwa ce mai ba da ja. Mordant kuwa abin da ake dafa ulu da shi, irin su alif, don launi ya zauna.

Ɗan Karofi: Woad ki ce baban Turai. Shuɗin ɗaya ne, nasu dai bai kai namu kauri ba. Su ma niƙa ganyen suke yi su cura, ya bushe. Mordant kuwa ki ce katsi, wato lakar gindin karofi da muke ƙonawa.

Malam Na-Kura: A'a, ɗana. Katsi da toka aikinsu su sa baba ya narke a karofi. Baba ba ya neman mai riƙe masa: ka tsamo zane kore-kore, iska ta buge shi, ya koma shuɗi a hannunka. Shi ya sa marina ba ta da wannan kalma. Ja da rawaya ke bukatarta. Koren ulun garin Lincoln na Ingila ma woad ake fara yi, a bi da rawaya da alif.

Mai Nahawu: Asalin mordant cizo ne a Faransanci. Ku ce "cizau", kamar ɗaurau.

Maman Ilham: Malam, ɗalibi zai ɗauka ƙwaro ne.

Mai Nahawu: Zai saba. Haka za mu yi ta aro? Marinar Ƙofar Mata tun 1498 take, a ce sai mun jingina babanmu da Turai?

Ɗan Karofi: To galura fa, mu muka ƙirƙiro ta? Tun da Perkin, wani Baturen Ingila, ya haɗa rinin kwal a 1856 kowa ke aro.

Mai Nahawu: Abin da ya kashe karofi ke nan.

Hajiya Yaya: A dawo kan aikin yarinya. "Baban Turai" a rubuce uban Turai za a karanta. Ki sa "baban rini na Turawa".

Maman Ilham: Na ɗauki wannan, Hajiya. Madder zan ce "jar saiwar rini". Mordant, "mai kama launi", in kawo alif misali.

Mai Nahawu: Wannan bayani ne, ba suna ba. Amma ki miƙa. Cizau na nan.