Fina-finan Gaskiya da Aka Fi Yabawa

A kan tambayar waɗanne fina-finan gaskiya ne suka fi kyau, wato fina-finan da ke nuna abubuwan da suka faru a zahiri, mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun karkata ga fina-finan halittu, inda suka yaba wa Planet Earth na BBC, wanda ya fito a 2006 da muryar David Attenborough, musamman wurin da damisar dusar ƙanƙara ta biyo abin farautarta a guje kan gangaren dutse. A fannin wasanni, an ambaci The Last Dance na 2020, mai kashi 10, kan ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan da ƙungiyarsa ta Chicago Bulls, ko da yake wasu sun ce ya fifita Jordan, kuma a ganina suna da hujja. Kan zamantakewa kuwa, an zaɓi 13th na Ava DuVernay, wanda ya bibiyi yawaitar baƙar fata a gidajen yarin Amurka.