Gassalata tana gunji amma ba ta juyawa, dinamo ne ya ƙone?

Maman Ihsan, Shara Mansur, Makka

Assalamu alaikum jama'a. Gassalata, wato injin wankina, mai baho biyu ce, kilo 7, shekararta huɗu a hannuna. Ranar Alhamis na zuba bargon maigida da zannuwan gado biyu, ta yi juyi kamar uku sai ta tsaya. Tun daga nan in na murɗa taima sai ta kama gunji ƙasa-ƙasa, ta yi shiru, ta sake kamawa, faifan ciki ko motsi. Gefen nashshafa, wato mai matse ruwan kaya, lafiyarsa ƙalau. Wani mai gyara ya leƙo, ko bayanta bai buɗe ba ya ce dinamo, wato injin da ke juya faifan, ya ƙone, in kawo riyal 180. Ni dai raina bai kwanta ba. Yara biyar gare ni, fararen tob, wato jallabiyun makaranta, sun taru, kwana uku ke nan ina wanki a bahon roba, bayana ya ƙage. Don Allah masu sani ku taimaka.

Baba Mai Lantarki, Jidda

Wa alaikumus salam 'yata. Da farko daina kunna ta kina sauraron gunjin nan. Wuta na shiga koyil, wato naɗin wayar da ke cikin dinamo, ba tare da juyi ba, zafi ne ke taruwa, a haka wanda bai ƙone ba ma zai ƙone.

Cire fulogi, ki kwashe ruwan, ki juya faifan da hannu hagu da dama. In ya cije, wani abu ya maƙale ƙarƙashinsa ko giya ta kama. In yana juyawa sumul, ki sa Baban Ihsan ya kwance murfin baya ya sa hanci. Koyil da ya ƙone ba ya ɓoye kansa, ƙaurin fanis zai buge shi, wayar jan ƙarfen kuma ta yi baƙi. In babu ƙauri, bel yana kan hanyarsa, to ni kwandensa nake zargi, abin da masu shago a nan ke kira kabastar. Irin wannan dinamo ba ya iya tashi da kansa, kwandensa ce ke ba shi turin farko. Ku kunna, ya tura fulin dinamon, wato ƙafar da bel ke zagayewa, da busasshen itace, ban ce da yatsa ba. In ya ɗauka ya ci gaba da gudu, magana ta ƙare.

A gassala mai baho biyu sau da yawa gwangwani ɗaya ne mai waya huɗu, biyu na wanki, biyu na nashshafa, shi ya sa gefe ɗaya kan mutu ɗaya na aiki. Ku karanta lambar jikinta, za ku ga wani abu kamar 10 da 5 uF, 450V. Ku ɗauki hoton wayoyin kafin ku yanke, ku tafi da tsohuwar shago a ba ku mai lamba iri ɗaya. Kuma tana riƙe wuta ko an cire fulogi, a haɗa bakin wayoyinta da sukundireba mai hannun roba tukuna.

Hajiya Kaka, Madina

Maman Ihsan, kada ki raina maganar faifan nan. Tawa haka ta yi bara, ashe safar jikana ce da fil ɗin ɗankwali suka naɗe a ƙasa. Ƙusa ɗaya ce a tsakiya, aka kwance aka zaro, ko halala ban kashe ba. Amma ke ma, bargo a kilo 7? In ya sha ruwa ai namiji ma da ƙyar yake ɗaga shi. Ki riƙa kai wa magsala, wato shagon wanki.

Ɗan Fagge, Riyad

Baba ya gama magana, ƙari kawai zan yi. In an tura bai tashi ba, a gwada da mitar awon lantarki. Dinamon wanki waya uku gare shi, koyil biyun kuma awonsu ɗaya ne, don yana juya hagu da dama. Daga waya ta tsakiya zuwa kowacce lamba ta zo daidai, tsakanin biyun kuma ta ninka. In mita ba ta nuna komai ba, wani lokaci ɗan fis ɗin zafi ne da ke cikin koyil ya yanke. In kuma saye ya zama dole, a duba a ga 60Hz a jikinsa, wutar Saudiyya ke nan. Ta gida da ta Sudan 50 ce, kada a ce wani ya taho da shi daga Sabon Gari don araha.

Maman Ihsan

Alhamdu lillahi. Baban Ihsan ya buɗe bayan sallar isha, babu ƙauri, kwandensar kuwa ta kumbura har ta tsage a gindi. Ya tura da muciyata, sai ga shi yana gudu. Yau da safe ya sayo sabuwa riyal 20 ya ɗaura, yanzu haka tob ɗin yara na kan igiya. Baba, Allah ya ƙara girma. Hajiya, kin yi gaskiya, an zaro ƙullin zare da riyal ɗaya na ƙarfe a ƙarƙashin faifan. Sai dai bel ɗin ya ɗan saki, yana ƙara in kaya sun yi yawa. Baba, ana ɗaure shi ko sai sabo?