"Ruwa ba ya tsami banza": har da wanda aka tsare ba shari'a?

Mai Tambaya: Assalamu alaikum. Jiya muna hira a kan wani ɗan adawa da aka kama wata bakwai ke nan, ba a kai shi kotu ba, ba a ma faɗi laifinsa ba. Sai abokina ya kashe maganar da cewa "ruwa ba ya tsami banza." Kowa ya yi shiru, ni ma na rasa ta cewa, amma abin ya tsaya mini a rai. Malamai, nan ne gurbin wannan karin magana?

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Ɗana, sake sauraren kalmomin da kyau. Cewa aka yi ba ya tsami banza, wato akwai dalili. Ba a ce ruwan ne ya tsamar da kansa ba. Wataƙila tulun ne ba a wanke ba, wataƙila wani ne ya zuba wani abu cikin dare. Masu magana sun ce a je a bincika ne, shi kuwa abokinka ya yanke hukunci da ita.

Ɗan Sintiri: Allah ya gafarta Malam, ban ƙi taka ba, amma rigakafi ya fi magani. In hukuma ta sami labarin wani na shirin ta da fitina, sai ta zauna jiran takardun kotu har gari ya kama da wuta? Cikin mutum nawa aka tsallake aka kama shi kaɗai? Biri fa ya yi kama da mutum.

Wata Lauya: Yayana, ba wanda ya hana kamawa. Riƙewa ba tuhuma ita ce matsalar. Sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan 'yancin jama'a da na siyasa ya ce a sanar da mutum dalilin kama shi tun lokacin kamun, a kai shi gaban alƙali ba da ɓata lokaci ba, kuma yana da damar neman kotu ta duba halaccin tsarewar. In akwai hujjar fitinar, ga alƙali, a baje ta. Maganar rigakafi kuma an gwada ta. A watan Agusta 1971 hukumomi a Arewacin Ailan sun kwashe mutum 342 a karon farko, ba shari'a, da sunan kashe wutar rikici. Rikicin sai ya ƙara ƙazanta, 1972 ta zama shekarar da ta fi kowace zubar da jini, aka daina tsarin a 1975. Sansanin tsare mutane na Gwantanamo da Amurka ta buɗe a 2002, kusan mutum 780 suka ratsa ta, mafi yawansu ba a taɓa tuhumarsu da komai ba.

Ɗan Sintiri: To ranki ya daɗe, lokacin dokar ta-ɓaci fa?

Wata Lauya: Ita ma tana da iyaka: a ayyana ta a fili, kuma kada a wuce gwargwadon larura. Damuwata ita ce yadda wa'adi yake miƙewa. Afirka ta Kudu ta yi dokar tsare mutum kwana 90 ba shari'a a 1963. A shekarar aka tsare 'yar jarida Ruth First, kwanakin suka cika, aka sake ta, tana fitowa aka sake cafke ta. A 1967 aka yi dokar da ta cire wa'adin gaba ɗaya. A hannun 'yan sanda Steve Biko, ɗan gwagwarmayar yaƙi da wariyar launin fata, ya mutu a Satumba 1977, ba tare da an yanke masa hukunci ba.

Uwar Biyu: Ni dai ba zan iya jin wannan karin maganar ba gabana bai faɗi ba. Da aka tafi da maigidana, ita maƙwabta suka riƙa yi mini, wasu a bayan ido, wasu a gabana. Na je ofis uku da jakar kayan sawarsa, kowanne ya ce ba ya hannunsu. Wata goma sha ɗaya sannan ya dawo da takalmin da ya fita da shi, ba takarda, ba "yi haƙuri". Ya ce mini fursunan da aka yanke wa hukunci ya fi shi kwanciyar hankali, domin shi kwanakinsa raguwa suke yi, nasa kuwa ƙaruwa. Har yau in mota ta tsaya a ƙofar gida da dare sai ya tashi zaune. Kuma masu cewa ruwa ba ya tsami banza ba su dawo sun janye ba.

Tsohon Malami: Allah ya saka muku, 'yata. Ai shi ya sa aka yi mata kishiya: zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ku lura da wutsiyar nan, "ko da ya zama gaskiya". Ko a ce daga baya laifin ya tabbata, wanda ya hukunta shi bisa zato bai fita ba.

Ɗan Sintiri: Yi haƙuri Hajiya, ban san miki na taɓa ba. Sai dai Malam, in zato zunubi ne, mai bincike da me zai fara aiki? Ai da zato ake bin sawun ɓarawo.

Tsohon Malami: A bi sawun mana. Sawu ne ba a ɗaurewa. In ya kai ka ga mutum, sai ka kai mutumin ga alƙali.

Mai Tambaya: Na tura wa abokin nawa duk abin da kuka ce. Amsarsa ita ce idan mutumin ba shi da laifi ai za a sake shi. Na tambaye shi wa zai tabbatar da rashin laifin tunda ba a je kotu ba. Ya karanta, bai amsa ba tukuna.