André ko Marsalis: wanne zan bi a kiɗan Haydn?

Ɗan Badujala: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai zuwa za a yi mana gwajin ƙarin girma, kuma an ba ni kashi na biyu na kiɗan ƙaho na Haydn, wato Andante, mai tafiya a hankali. Ƙahona na B-flat ne, wato wanda aka saba busawa, ba ni da na E-flat, matakin sautin da aka rubuta kiɗan a kai. Kuɗin faifai ɗaya nake da shi, don a barikinmu sabis ba ya ja. Cikin gwanayen busa ƙaho biyu, in sayi na Maurice André ko na Wynton Marsalis na 1983? Sannan ta yaya kunne zai raba gwanintar yatsu da busar da ke shiga zuciya?

Mai Bigila: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, ka nemi Timofei Dokshizer yana busa kiɗan Arutiunian na 1950. In ba ka ji tsikar jikinka ta tashi ba, ka zo in biya ka kuɗinka.

Malama Mai Piyano: Haydn aka ba shi, Malam, ba Arutiunian ba. Ɗan Badujala, kada tsabtar sauti ta ruɗe ka. A situdiyo ana busa wuri guda sau da yawa, a yanko mafi kyau a haɗa, saboda haka rashin kuskure ba hujja ba ce. Ka saurari inda mutum yake jan numfashi, da yadda yake fara sauti a hankali ba tare da harshe ya yi "tak" ba, da yadda yake sakin ƙarshen jimla. Haydn ya rubuta kiɗan a 1796 don Anton Weidinger, wanda ya ƙera ƙaho mai maɓallai. Kafin nan ƙaho ba ya iya bin sautuka daki-daki a ƙasan murya. Shi ya sa Andante ɗin yake tafiya kusa da kusa, waƙa ce ake so, ba bajinta ba. Ni a nan André nake so, sautinsa zagaye yake kuma ba ya gaggawa. Marsalis ya fi burge ni a kashi na uku, harshensa kaifi gare shi.

Tsohon Saja: Ɗana, ka ji ta bakin wanda abin ya ci. Ina saurayi na samu kaset ɗin André, na kwana na tashi da shi. Har inda yake ɗan rawar da sauti na kwafe. Ashe rikodar tawa gudu take yi, sautin ya hau sama da inda yake a takarda, ni kuma ina ta danna bakin ƙaho a leɓe don in kamo shi. Ranar gwaji leɓena na sama ya kumbura, akwai zoben ja da ƙarfen ya bari, ga ɗanɗanon jini a baki. Na busa layi biyu iska ta fara fita ta gefe. Shugaban badujala bai ma ɗago kai ba, ya ce kama da wane ba wane ba ne, a kira na gaba. Yaron da aka ba igiyar ko sunan André bai taɓa ji ba, ɗan garin ogan ne kawai. Na yi shekaru ina riƙe da ƙaho na uku a bayan layi. Har yau in sanyi ya shigo wurin nan yana min zafi.

Ɗan Badujala: Allah ya ba da lada, Baba. To kana ganin in bar faifan gaba ɗaya?

Tsohon Saja: Ban ce ba. Na ce ka san wa zai zauna a teburin alƙalai.

Mai Bigila: Faifan Marsalis na same shi naira dubu shida a wajen masu gwanjon littattafai a Legas.

Ɗan Jos: Dubu shida? Sai dai kwafi. Ni da aka yi min odarsa daga waje, da kuɗin aikowa ya haura dubu talatin. Kuma ya ci kuɗinsa, akwai kiɗan Hummel da na Leopold Mozart a ciki, Raymond Leppard ne ya ja ragamar makaɗan. A 1984 Marsalis ya ci kyautar Grammy da shi, ya kuma ci ta jaz a dare ɗaya.

Malama Mai Piyano: Kyauta ba ta koya wa mutum numfashi. In da hali ma ya ji Alison Balsom ta 2008, ko Reinhold Friedrich da ya busa da irin ƙahon Weidinger mai maɓallai, sautin ya fi laushi nesa ba kusa ba.

Ɗan Jos: Da girmamawa Malama, ke piyano kike kaɗawa. Wanda bai taɓa sa ƙarfe a leɓe ba zai yi wuya ya yanke hukunci a kan harshe.

Malama Mai Piyano: Ni nake raka ɗalibai da piyano a irin wannan gwajin, ina zaune kusa da su ina jin lokacin da iskarsu ke ƙarewa. Mai busa ba ya jin kansa yadda na gefe ke ji.

Tsohon Saja: Gaskiyarta ce. André ma ai a ramin kwal ya fara aiki yana yaro a Faransa, ba takarda ce ta yi shi ba.

Autan Zaure: Ku bar wahala, ku ba shi kakaki ya je fada. Sautuka biyu ne, kuma in ya yi kyau har babbar riga zai samu!

Mai Bigila: Auta, kakakin ma sai mai ƙirji. Amma maganar leɓe da Baba ya yi ta tuna min, wa ya san inda ake samun man maɓallai na gaske yanzu? Wanda na saya kwanan nan warin kananzir yake yi, maɓalli na biyu yana maƙalewa a tsakiyar fareti.

Ɗan Jos: Mu a wurinmu sababbin ƙahonin suna kulle a sito, sai manyan baƙi za su zo ake fito da su. Wanda nake busawa da zare aka ɗaure maɓallin zubar da yawu.

Ɗan Badujala: Namu ma haka. Amma don Allah, da ƙahon B-flat ɗin, wanne zan saya?

Mai Bigila: Kai wane mai kake sa wa naka?