Neman shawara: in tattara in bar Gusau, ko in ci gaba da haƙuri?

Wani tela daga Gusau:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Ni tela ne, shekarata 36, mata ɗaya da yara huɗu, ga mahaifiyata a hannuna tun rasuwar Baba. Shekara 14 ke nan ina riƙe da shago. A da, azumi na kai goma nake daina karɓar ɗinki, ni da yaran shagona biyar mu kwana kan keke. Sallar da ta wuce kuwa har 27 ga azumi ina zaune ina kallon titi. Abin da ya fi tsaya mini a rai, wani magidanci da na daɗe ina yi wa ɗinki ya jira sai bayan isha'i da shago ya watse, sannan ya zaro babbar rigarsa ta shadda daga leda, ya ce in farke ta in fitar wa 'ya'yansa biyu kaftani. Da hannuna na ɗinka masa rigar nan lokacin aurensa. Na yi masa aikin ban karɓi ko kwabo ba, amma ranar barci bai zo mini ba.

Yawancin masu kawo mini ɗinki manoma ne da 'yan kasuwar ƙauye, daga wajen Tsafe da Magami da Ɗansadau. Idan kaka ta yi aka sayar da dawa da waken suya, sai su shigo gari da yadi a hammata. Yanzu rashin tsaro ya koro da yawansu cikin Gusau ɗin, suna zaune a kangayen mutane, suna neman na tuwo. Mu ma gonarmu ta gado damina huɗu ba mu taka ta ba. Tun da aka datse layukan waya aka rufe kasuwannin mako a Satumban 2021 ban miƙe ba, cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙarasa ni, don in na tayar da janareta na guge kaya, ribar ta tafi a hayaƙi.

Wani abokina da muka koyi aiki tare yana Kano, ya ce in zo ya ba ni gefe a shagonsa, yana da injin surfani na kwamfuta, mu dinga kasafi. Matata ta ce mu sayar da ɗan gidanmu mu tafi duka. Inna ta ce an riga an raba ta da ƙauyensu, ba mai raba ta da Gusau sai mai rabawa. To in sayar mu tafi, in tafi ni kaɗai, ko in zauna?

Ɗan ci-rani a Legas:

Wa alaikumus salam Yaya. Tafiya dai ka tafi, amma gida kada ka taɓa shi. Ni sai da na sayar da filina na sayi babur na zo Legas. A Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da wasu ƙananan hukumomi, ba a yi wata ba aka kama babur ɗin, har yau ban ƙara sa shi a ido ba. Yanzu dako nake a Mile 12. Ba babur, ba fili. Da filin yana nan da tuni na dawo.

Tela a Kano:

Ɗan'uwa, sana'armu ɗaya, bari in gaya maka abin da abokinka ba lallai ya faɗa ba saboda kunya.

Kano akwai aiki, wannan ba musu. Kantin Kwari na kusa, shadda da yadi da zare duk za ka same su a farashin sari, babu kuɗin mota a kai. Amma teloli a garin nan kamar ƙasa suke, kowane lungu akwai keke. Kuma kai ka sani, ba a ba tela shadda mai tsada don an ga fuskarsa. Shekara 14 ka yi kana gina amana a Gusau, ranar da ka sauka a Kano sunanka sabon yaro, ko da furfura a gemunka. Watannin farko wuyan riga da aljihu da kalmasa za a dinga miƙo maka, kai da ka saba ba yara umarni. In zuciyarka ba za ta ɗauki wannan ba, gara ka sani tun yanzu.

Sai maganar kasafi. Ku zauna gaban shaidu biyu ku rubuta: kashi nawa ne naka, wa ke sayen mai, wa ke biya idan allurar injin ta karye ko aka ɓata wa mutum yadi, kuma kwastoman da ka jawo da kanka na waye. Na ga abota ta shekara ashirin ta mutu a kan lissafin sati ɗaya na sallah.

Kada ka zo bayan sallah, lokacin mu kanmu hamma muke. Ka shigo a Rajab, ka yi Sha'aban da azumi, ka zarce zuwa babbar sallah. Wata biyar zuwa shida ke nan, ya ishe ka gane ko garin ya karɓe ka. Ka kwana a shago ko ka raɓa da wani, don haya a nan ta shekara ake biya gaba ɗaya, ga la'adar dillali, ko da a su Bachirawa ko Rimin Kebe ne. Abin da nake so ka ƙwallafa rai a kai shi ne injin nan. Ka koyi ɗora zane da sarrafa shi. Ko ba ka zauna Kano ba, ka koma da abin da ba kowa ke da shi ba.

Dattijo daga Ƙaura:

Ɗana, ni dai ban goyi bayan tahiya ba. Garin ga da kake gani, mu mun san shi da jirgin ƙasa na tasowa daga Zariya shi biyo Gusau shi kwana Ƙaura, a loda gyaɗa da auduga. Mun san masaƙar Gusau tana aiki dare da rana, in anka tashi ma'aikata keke ba ya samun hanya. Da anka ba mu jiha a 1996 har raye-raye munka yi. Wanga hali ba shi dawwama. In tela ya tahi, makaniki ya tahi, malami ya tahi, wa za a bar ma garin? Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Kuma ga tsohuwa, albarkarka tana ƙarƙashin ƙahwarta.

Ɗan ci-rani a Legas:

Allah ya ƙara girma Baba. Amma masaƙar ta daɗe a rufe, jirgin ma mu labarinsa muka ji. Yara huɗu ba za su ci tarihi ba.

Dattijo daga Ƙaura:

Gaskiya ka faɗi ɗana. Ni ma ɗiyana biyu suna Mararaba. Zuciya ce ba ta so.

Wata uwa daga Tudun Wada:

Malam tela, duk maza sun yi maka lissafin shago, ni bari in yi maka na cikin gida. Mijina shekara uku yana Abuja, don haka na san abin da nake faɗa. Idan ka tafi kai kaɗai, matarka ce za ta zama uwa, ta zama uba, ta zama mai jinyar surukuwa. Yaro ya yi zazzaɓi ƙarfe biyun dare, ita ce za ta buga ƙofar maƙwabci. Da ta ce ku tafi duka, ba son birni ba ne, wannan take hangowa. Kada ka yanke hukunci a dandali ka shigo ka sanar da ita. Ka zaunar da ita, ka sa ranar dawowa, ka bar mata hatsi a ɗaki da ɗan jari a hannu, ko na ƙuli ne ko na awara.

Kuma Inna kai kaɗai ta haifa? In kana da 'yan'uwa, kowa ya ɗauki rabonsa, wani magani, wani cefane.

Sannan hanya. Kada ka ce duk sati za ka leƙo gida. Tsakanin Tsafe da Yankara zuwa Funtua ba wurin yawan zirga-zirga ba ne, ka bi da rana tsaka, kuma ka rage. Mu mun fi son kuɗi su zo ta waya, mai gida ya zo da ƙafarsa lafiya ko sau ɗaya ne a wata biyu.

Malamin makaranta:

Ni tambaya gare ni. Ka gwada canza masu kawo maka ɗinkin kafin ka canza gari? Manomi ya karye, amma makarantun kuɗi da Islamiyoyi kowace shekara sai sun ɗinka yunifom da hijabai. Ga jami'ar tarayya da aka kafa a Gusau a 2013, ga kwalejin fasaha ta Ƙaura, ɗalibai na sa kaya. Akwai kuma masu ɗinka kaftani su ɗora hotonsa a WhatsApp da Facebook, a saya daga Abuja su sa a mota. Ba zai kai ɗinkin sallar da ba, amma yana iya riƙe shago a buɗe.

Wani tela daga Gusau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, yunifom na taɓa yi wa wata makaranta, sai da na yi zango biyu ina bin kuɗina, amma zan sake gwadawa da kafin alƙalami a hannu.

Jiya da dare na karanta wa matata duk amsoshin nan. Da na zo kan na Hajiyar Tudun Wada sai ta yi shiru, can ta ce in maimaita. Mun tsaya a kan ba za a sayar da gida ba. Babban yarona na shago zai riƙe keke biyu da littafin awo, ƙanwata da ke Samaru za ta dinga kwana wurin Inna ranar Litinin da Alhamis. Na kira abokina na ce masa sai mun rubuta, ya yi dariya ya ce shi ma abin da yake jin nauyin faɗa ke nan.

Da safe na durƙusa na gaya wa Inna zan tafi farkon Rajab in dawo bayan layya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Ta dai tambaye ni ko a Kano ana samun daddawa mai kyau, ko ta fara daka mini.